Idan Ɗiyarku Ta Ƙaurace wa Abinci

Ya ku iyaye, masu wuni a rumfa da masu wuni a gida, wannan takarda tana magana ne a kan wata irin rama wadda ba a cika jin labarinta ba a ƙasashenmu. Ramar da muka fi sani ita ce ta rashi: damina ta gaza, rumbu ya yi ƙasa, yaro ya kamu da tamowa, a kai shi asibiti a auna damtsensa. Akwai kuma ramar da cuta ke kawowa, irin su tarin fuka da ƙanjamau da ciwon suga da tsutsar ciki. Amma akwai wata ta uku wadda take shiga gidan da ake ɗora tukunya safe da dare. Abinci yana nan, yarinya kuwa ba ta ci, tana ta zubewa a gaban idon iyayenta, in kuma aka yi mata magana sai ta ce ita lafiyarta ƙalau. Likitoci suna kiran wannan ciwo anoreksiya. A cikin wannan takarda za mu kira shi ciwon ƙin abinci.

Kada ku ɗauke shi taurin kai ko shagwaɓa ko iyayin ƴan makaranta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jiki a haɗe, kuma yana cikin waɗanda suka fi kisa a duk cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa. A cikin kowane mutum biyar da suka rasu da shi, ɗaya da hannunsa ya kashe kansa. Sauran kuwa yawanci zuciya ce ko wata gaɓa ta cikin jiki take gazawa saboda daɗewa cikin yunwa. Sai dai akwai abin da zai kwantar muku da hankali. Idan aka tare shi da wuri, yara da yawa suna warkewa sarai, kuma hanyar jinyar da aka fi amincewa da ita ga matasa a yau, a gida ake yin ta, da hannun iyaye, da abincin da kuka saba dafawa.

Yadda yake farawa

Ya fi kama ƴan mata daga lokacin balaga zuwa wajen shekara 19, amma samari ma suna kamuwa, kuma nasu ya fi daɗewa ba a gane ba domin ba wanda ke tsammaninsa gare su. Za mu riƙa cewa "ita" ne kawai don sauƙin magana.

Farkonsa ba ya da ban tsoro. Wata ƙawayenta ne suka tsokane ta da ƙiba, sai ta daina karin kumallo. Wata ta ga hotunan ƴan mata a waya, ta sayi shayin rage ƙiba. Wata zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ta rame, bayan ta tashi sai cin abincinta bai dawo ba. Wata kuwa rasuwa aka yi, ko aka kai ta makarantar kwana, ko jarrabawa ta matso. Yara dubbai suna bi ta irin waɗannan hanyoyi su fita lafiya. Amma akwai waɗanda aka haifa da shirin kamuwa da ciwon, domin binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa kusan rabin haɗarinsa gado ne da ke bin jini. Irin wannan yarinya, da zarar nauyinta ya fara sauka, sai wani abu ya juya a cikin kanta: yunwa ta daina tura ta wajen abinci, ta koma tana jin tsoro idan ta ci, tana jin natsuwa idan ta ƙi. Sau da yawa ita ce yarinyar da ba a taɓa kuka da ita ba, mai ladabi, mai ƙoƙari a makaranta, wadda ba ta son ta yi kuskure ko ƙanƙane.

Domin ku gane yadda yunwa ita kanta ke sauya hali, ga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka a shekarun 1944 da 1945, ƙarƙashin wani masani mai suna Ancel Keys. Maza 36 ne, lafiyayyu, suka yarda aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida, suka rasa wajen rubu'in nauyinsu. Mutanen nan sai suka koma ba su da zance sai na abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki, wasu suna tsakurar abin da aka ba su suna jan lokaci a kansa. Suka zama masu saurin fushi, masu son kaɗaici, kullum cikin jin sanyi. Da aka mayar musu da abinci, sannu a hankali halayensu suka dawo. Ashe da yawa daga cikin abubuwan da kuke gani a wurin ɗiyarku kuna cewa ta sauya hali, aikin yunwa ne. Wannan ne ya sa doguwar nasiha ba ta shiga kunnenta. Ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi ba, ba ta iya auna magana daidai, don haka abinci ne farkon magani, nasiha tana biyo baya.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A ƙasashen Turai, mafi yawan masu ciwon suna faɗi da bakinsu cewa ƙiba suke tsoro. A wasu wurare ba lalle ne a ji haka ba. Wani likita a Hong Kong, Sing Lee, ya rubuta labarin marasa lafiya da yawa waɗanda ba su ambaci ƙiba ba sam, kumburin ciki kawai suke kuka da shi. A shekarar 2004 kuma an buga wani bincike da aka yi a arewacin Gana, inda aka auna ɗalibai mata 668 na sakandare, aka samu 10 waɗanda babu wani dalilin ramarsu in ban da hana wa kansu abinci, kuma dukansu sun danganta abin da azumi da horon kai, ba da son siranta ba. Saboda haka kada ku jira sai ta ce tana gudun ƙiba. A wurinmu, inda har yanzu ake yabon mace mai jiki, ciwon ya fi sauƙin ɓuya a bayan "cikina ne ba ya karɓa" ko "ina azumi".

Abin da ido zai gani

Al'adarmu ta cin abinci a kwano ɗaya tana da albarka, amma tana ɓoye wannan ciwo. Yara biyar sun kewaye tire, an cinye, ba wanda ya lura cewa loma biyu kawai ɗaya daga cikinsu ta yi. Zane da hijabi da manyan riguna kuma suna rufe ƙashin wuya da damtse. Uwar da ta fita kasuwa tun da safe ba za ta sani ba ko an ci na rana. Ku sa ido idan kullum amsarta ita ce "na ci a makaranta" ko "na ci a gidan su wance". Idan tana tsame nama da mai daga miya. Idan tana son girka wa kowa amma ita ba ta kai wa baki. Idan tana tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci. Idan ta ɗora wa kanta aiki ba hutu, ɗiban ruwa, shara, tafiyar ƙasa mai nisa alhali ga kuɗin mota. A jiki kuma za ku ga jinin al'ada ya ɗauke ko bai zo ba a lokacinsa, tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi ko da a bazara, gashin kai yana zuba, wani lallausan gashi yana fitowa a baya da damatsa, bayan gida ya yi tauri, jiri yana ɗibarta idan ta miƙe.

Asibiti tukuna

Kafin a fara komai a gida, wajibi ne ma'aikacin lafiya ya duba ta, saboda dalilai biyu. Na farko, a wurinmu sauran cututtukan da ke kawo rama sun fi wannan yawa nesa ba kusa ba, don haka sai an gwada tarin fuka da ƙanjamau da suga da tsutsa da ƙarancin jini, an kuma duba ko ciwon damuwa ne ya ɗauke mata sha'awar ci. Na biyu, wadda ta daɗe cikin yunwa, idan aka cika ta da abinci farat ɗaya, wasu sinadaran jini, musamman fosfet da fotasiyam, suna iya faɗuwa ƙasa cikin mako ɗaya ko biyu na farko, har zuciya ta tsaya. Masu aiki a cibiyoyin tamowa sun san wannan haɗari, shi ya sa suke fara ba yaro madara mai sauƙi kafin mai ƙarfi. Wadda ramarta ta yi tsanani, a gadon asibiti ake fara ciyar da ita, ana duba jininta.

Kada ku jira gari ya waye idan ta suma, ko bugun jininta ya sauka ƙasa da 50 a minti ɗaya da rana, ko tana jin ciwon ƙirji, ko ƙafafunta sun kumbura, ko ta kasa miƙewa daga tsugune sai ta dafa, ko ta ƙi ruwa, ko ta yi kwanaki ba ta sa komai a baki ba, ko tana rasa fiye da kilo ɗaya a mako. Haka nan idan ta fara zancen mutuwa ko cewa ta gaji da duniya. Wannan magana ba a yi mata tsawa a wuce. A kawar da magunguna da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi likita a ranar.

Daga ina wannan hanya ta fito

A shekarar 1873 ne likitoci biyu, William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris, suka bayyana ciwon kowa a nasa wuri, Gull ne kuma ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi. Daga wancan lokaci har kusan shekara ɗari, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne iyaye suna ɓata jinya, ko ma su ne sanadin ciwon, don haka a raba su da yarinya, a kwantar da ita watanni a asibiti. Takan yi nauyi a can, ta dawo gida inda ba wanda aka koya wa komai, sai ciwon ya dawo.

Daga ƙarshen shekarun 1970, wasu likitoci a asibitin Maudsley da ke Landan, cikinsu akwai Christopher Dare da Ivan Eisler da Gerald Russell, suka juya tambayar. Suka ce, abin da ma'aikatan jinya suke yi a asibiti, wato zama da yarinya cikin haƙuri har ta cinye, me zai hana a koya wa iyayenta su yi shi a gida, tunda ba wanda ya fi su son ta rayu? A 1987 suka buga sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 80, inda aka ga cewa waɗanda ciwon ya kama tun suna ƙasa da shekara 19, kuma bai kai shekara uku a jikinsu ba, sun fi samun sauƙi idan aka yi jinyar tare da iyali. A 2001 James Lock da Daniel Le Grange da abokan aikinsu suka tsara hanyar a littafi, mataki-mataki. A 2010 aka buga wani gwajin da aka yi a Amurka da matasa 121, ƴan shekara 12 zuwa 18. Shekara ɗaya bayan kammala jinya, kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta hanyar iyali sun warke sarai, alhali na waɗanda aka zauna da su su kaɗai kashi 23 ne. Ku lura, rabi ne, ba duka ba. Sauran wasu sun samu sauƙi amma suna buƙatar ƙarin lokaci ko wata hanya. Duk da haka babu wata jinyar da ta nuna sakamakon da ya fi wannan ga matasa, shi ya sa hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ta a gaba a 2017, da zama 18 zuwa 20 cikin shekara guda.

Hanyar ta tsaya a kan abu biyu. Ba a neman mai laifi: ba uwa ba, ba uba ba, ba kishiya ba, ba yarinyar ba. Idan gobara ta tashi a kasuwa, ruwa ake fara nema, binciken wanda ya bar garwashi sai daga baya. Sannan ana raba yarinya da ciwonta a cikin magana da cikin zuciya. Wadda ta ɓoye tuwo a cikin zane, ta yi muku ƙarya, ta watsar da kofi, ba ɗiyarku mai kunya ba ce, ciwon ne ke amfani da hannunta da bakinta. Kuna faɗa da shi ne domin ku ƙwato ta.

Mataki na farko: iyaye su karɓi ragamar abinci

Wannan mataki shi ne mafi tsawo da wahala, yakan ɗauki wajen zama goma, mako-mako. A cikinsa yarinya ba ta zaɓen abin da za ta ci, ko yawansa, ko lokacinsa. Ba ta shiga madafa, ba ta zuba wa kanta. Ba horo ba ne. Kamar yadda ba ku tambayar mai zazzaɓin cizon sauro ko yana son allura, haka nan ba a bar wa mai wannan ciwo shawarar abinci, domin a nan ne daidai ciwon ya ɗaure ta. Sauran al'amuranta, kamar suturarta da ƙawayenta da karatunta, suna nan a hannunta gwargwadon ƙarfin jikinta.

A ware mata kwanonta, domin a ga abin da ya shiga. Ta ci manyan abinci uku da ƙanana uku a tsakani, kada a wuce awa uku ba ta ci wani abu ba. Jikin da ke farfaɗowa yana buƙatar fiye da abin da lafiyayyar tsararta ke ci, don haka ana zaɓen abin da ke da ƙarfi ko da bai cika kwano ba: kunun gyaɗa da madara, fura da nono mai kauri, ƙosai, ɗanwake da mai da ƙwai, shinkafa da wake, awara, alale, tuwo da miyar da aka sa wa man shanu, dambu da ƙuli-ƙuli, kifi, nama idan ya samu, dabino da gyaɗa a tsakanin abinci. Ba sai kun sayi kayan gwangwani masu tsada ba. Abincin leda na gyaɗa da ake ba ƙananan yara masu tamowa kuwa, wanda wani lokaci ake gani a kan teburin masu sayarwa, rabon waɗancan yaran ne, kada ku saya.

Kowane ci sai da babba a zaune kusa da ita daga farko har ƙarshe, sannan a ci gaba da zama tare wajen awa ɗaya bayan an gama, ana tsince wake ko kitso ko hira, domin kada ta je ta yi amai. A nan ne matsalar ɗan kasuwa take, kuma ba zan ɓoye muku ba, jinyar nan tana cin lokaci, lokaci kuwa a kasuwa kuɗi ne. Dole a zauna a raba aiki: wane ne da safe, wane ne da rana, wane ne ranar da uba ya tsallaka iyaka da kaya. Wata uwar takan bar wa ƙanwarta rumfa na ƴan makonni. Wata takan tafi da yarinyar kasuwa ta zaunar da ita a inuwa, ba don ta yi talla ba. Idan tana makarantar kwana, a dawo da ita gida. Zangon karatu ɗaya ana iya rama shi, amma ƙashin da bai ginu ba a shekarun balaga yana da wuyar ramawa. Ɗiban ruwa da daka da doguwar tafiya duk a ɗauke mata su tukuna.

Uba, kada ka ce wannan sha'anin mata ne. A gidaje da yawa maigida a zaure yake cin abincinsa ko tare da abokai a ƙofar gida. Ka shigo da kwanonka ciki ko da sau ɗaya a rana. Zamanka shiru kusa da ita yana da nauyin da maganar kowa ba ta da shi. Idan kuma yarinyar ƴar fari ce, wadda uwa ke jin kunyarta har ba ta kiran sunanta, to a sassauta wannan kunya na ɗan lokaci, ko a sa goggo ko kaka ko wadda ta riƙe ta su tsaya tare da uwar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne manyan gida su zama baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan uwa ta ce a cinye, kaka ta ce "ku ƙyale min jika ta huta", to ciwon ya ga ƙofa. Saɓaninku ku yi shi a bayan idonta.

Ku ƴan kasuwa ne, kun san wanda ya fara ragi ba ya tsayawa a na farko. Ciwon nan ya fi kowane mai saye iya tayi. Zai ce a rage rabi, a cire mai, a bari sai anjima, gobe za ta ci ninki biyu. Kada ku saya, kada kuma ku yi fushi. Idan ta ce, "Inna, wallahi na ƙoshi, cikina zai fashe," amsar ita ce, "Na ji, ɗiyata, na san da wuya. Ga loma ta gaba. Ina nan tare da ke." A maimaita haka da murya ɗaya, ko sau nawa ne. Kumburin da take ji gaskiya ne, domin cikin da ya daɗe ba aiki yana jinkirin sauke abinci, amma cin ne ke gyara shi cikin ƴan makonni. Za ta yi kuka, za ta iya faɗa muku maganar da ba ku taɓa ji daga bakinta ba. Ci ɗaya yana iya kai awa biyu a kwanakin farko. Bulala da zagi da gori da kunyata ta a gaban baƙi duk suna ƙara wa ciwon ƙarfi, kuma bincike ya nuna cewa gidan da suka ya yi yawa, jinya ta fi wuyar ci gaba a cikinsa. Ɗura kuwa haramun ce a wannan jinya: abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Idan ta ƙi sam har aka wuce ci biyu ko uku, wannan na asibiti ne.

Ƴan uwanta ba ƴan sanda ba ne. Kada a sa su leƙen asiri. Aikinsu su ja ta da wasa da hira bayan an sha wahalar ci, su tuna mata cewa har yanzu ita ƴar uwarsu ce. A kuma daina zancen jikin kowa a gidan, har da yabo. "Kai, kin fara murmurewa, kin yi kumatu" magana ce mai daɗi a wurinmu, amma a kunnen mai wannan ciwo tana iya rushe aikin mako guda.

Kowane mako ku koma wurin ma'aikacin lafiya, a auna ta a kan sikeli ɗaya, da tufafi marasa nauyi, bayan ta yi fitsari, domin wasu sukan cika ciki da ruwa ko su ɓoye abu mai nauyi a jiki. Abin da ake nema shi ne ƙarin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wadda ta ƙara wajen kilo 2 a makonni huɗu na farko, alama ce mai kyau ƙwarai. Idan ba a samu ba, a sake duba tsarin tun da wuri. A tsarin asali, a zama na biyu iyali sukan zo da abincinsu su ci a gaban mai jinya, ya ga yadda ake yi, ya taimaki iyaye har yarinya ta ci loma ɗaya fiye da abin da ta yi niyya. Loma ɗaya ce, amma ranar ce iyaye ke gane cewa za su iya.

Azumi, da magungunan kasuwa, da zancen iska

Mai wannan ciwo marar lafiya ce, kuma addini ya ɗauke wa marar lafiya azumi har sai ya warke. Azumin nafila na Litinin da Alhamis, da na watan Ramadan, da azumin da Kiristoci ke yi, duk a dakatar da su sai likita ya yarda. Sau da yawa ba ta karɓar wannan daga bakin iyaye, sai ta ji daga malami ko limamin da take girmamawa, don haka ku je ku yi masa bayani ya taimake ku.

Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ba magani ba ne. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da suga, ya kuma ƙara raunana ƙashin da yunwa ta riga ta ci. Maganin buɗe ciki ma ba ya aiki, domin matsalarta tsoro ce, ba rashin jin yunwa ba. Ku kuma masu shaguna, idan yarinya siririya tana yawan zuwa sayen shayin rage ƙiba ko maganin wanke ciki, kun ga abin da iyayenta ba su gani ba. Game da masu cewa iska ce ko sammu, ba zan hana kowa addu'a ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a dakatar da ci da awo saboda ita, kuma kada a yarda da duk wani magani da ya ƙunshi sa ta amai, ko zawo, ko hana ta abinci.

Mayar mata da ragama

Idan nauyinta ya kusa komawa daidai, kuma faɗan cin abinci ya lafa, sai a shiga mataki na biyu. Ana zuwa asibiti bayan mako biyu-biyu, ana mayar mata da iko kaɗan-kaɗan: ta zuba wa kanta kuna kallo, ta ci na rana a makaranta, ta je biki ta ci cikin ƙawaye, daga baya ta koma kwano ɗaya da ƴan uwanta. Idan sikeli ya sauka, a koma baya taki ɗaya ba tare da faɗa ba. Dawowar jinin al'ada alama ce babba ta cewa jiki ya farfaɗo, sai dai tunani yakan yi watanni yana biye da jiki a baya, don haka kada ku yi saurin sakin hannu.

Mataki na uku gajere ne, zama uku ko huɗu, wata-wata. A nan ake komawa ga abin da ciwon ya katse: karatu, sana'a, ƙawaye, irin ƴancin da ya dace da shekarunta, da kuma damuwa ko fargabar da ta rage bayan an ƙoshi. Aure ba maganin wannan ciwo ba ne. Kai ta gidan da ba a san halinta ba, babu mai zama da ita a kan abinci, ga yiwuwar ɗaukar ciki da jikin da bai gama warkewa ba, haɗari ne gare ta da abin da za ta haifa. Ciwon yana iya leƙowa a lokacin jarrabawa, ko tafiya, ko wata rashin lafiyar da ta sa ta rame. Da kun ga alamun farko, ku koma ga kwanonta da sikeli.

Inda za ku je

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, ku faɗi abin da kuka gani filla-filla, ku nuna wannan takarda idan da buƙata. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasashenmu, amma akwai su a asibitin Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano, da babban asibitin ƙasa na Yamai, kuma likitan yara ko ma'aikacin jinya na kusa zai iya riƙe awo da gwajin jini yayin da ake neman shawararsu. Ku da kuke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Daura, ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta kwanan wata, da nauyinta, da bugun jininta, da ranar da al'ada ta zo, da magungunan da aka ba ta. Katin wani asibitin da Faransanci aka rubuta shi, na wani da Ingilishi, amma lambar kilo kowane ma'aikaci zai karanta ta a kowane gefen iyaka. Ku sa littafin a jaka ɗaya da takardun tafiyarku.